Kwas ɗin dokokin rumbun ma'adanai na yaƙi: rabin farko ya ci kuɗinsa, rabin ƙarshe ɓata data ne

Toh jama'a, na dai gama kwas ɗin nan da nake ta damunku da zancensa, sati shida kenan ina fama da shi da daddare bayan na tashi daga aiki, kuma tunda mutane da dama sun tambaye ni ko ya cancanci a saka kuɗi, bari in faɗi abinda na gani da idona. Ba zan kama sunan kamfanin ba don akwai inda zan caccake su sosai, wanda ya yi shi zai gane wanne nake nufi. Kwas ne na intanet, bidiyo takwas dogaye da takardun karatu da jarrabawa a ƙarshen kowanne darasi, kuma gaba ɗayansa akan abu ɗaya ne: dokokin da ƙasashe ke yi don tara ƙarafa da ma'adanai da sauran kayan da masana'antu ba sa iya aiki sai da su, a ajiye saboda ranar yaƙi.

Abinda ya kai ni shi ne ina rubuce-rubuce akan kasuwar ƙarafa, kuma duk lokacin da China ta ce ta taƙaita fitar da wani abu sai in ga ana cewa Amurka za ta cika rumbunta, Japan tana da na kwana kaza, ni kuma wlh ban san wace doka ce ke bayan abin ba, waye ke da makulli, waye ke cewa a saya ko a sayar, kawai kwafa nake ina wucewa kamar aku. Sai na ce gara in zauna in koya.

Darussa huɗu na farko wata malama ce ta yi su, lauya ce, kuma gaskiya matar nan ta san abinda take yi. Ba ta fara da ma'anar kalmomi ba irin na malaman da ke sa ka barci, kai tsaye ta tafi 1939, shekarar da majalisar Amurka ta yi dokar farko ta tara kayan, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a watan Yuni, aka amince da dala miliyan 100 don sayen kaya. Kafin a tara wani abin kirki yaƙi ya iso. Japan ta kama Malaya da tsibiran da yau ake kira Indonesiya a farkon 1942, kuma daga can ne kusan kashi 90 na robar da Amurka ke amfani da ita ke fitowa, haka kuza ma mai yawa, sai ga ƙasa mai mota ko'ina tana rabon taya da kati tana gina masana'antun robar haɗi cikin gaggawa. Malamar ta ce duk gyaran da aka yi wa dokar a 1946 daga wannan tsoron ya fito, mutanen da suka sha wuya ne suka rubuta ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai yaƙin Koriya ya zo a 1950 aka ƙara zuba kuɗi, a shekarar ne kuma aka yi ɗaya dokar da ke ba shugaban ƙasa ikon sa kamfanoni su fifita odar gwamnati akan ta kowa, wadda har yau ake amfani da ita, ko a watan Maris na 2022 Biden ya ɗauko ta don ma'adanan batir irin su litiyum da nikel da kobalt.

Akwai wani shafi da ta nuna na jerin abubuwan da aka taɓa ajiyewa a rumbun, na tsayar da bidiyon na yi ta dariya ni kaɗai. Ni na ɗauka ƙarafa ne kawai, ashe har da gashin tsuntsu na cusa wa jakar barcin sojoji, gashin alade na yin buroshi, man kifin nan whale, kwinin na zazzaɓi, ofiyom na haɗa maganin kashe zafi, lu'ulu'un masana'antu na yankan ƙarfe. Kuma wani ɓangare ma ba da kuɗi aka saye shi ba, a shekarun 1950 musaya aka riƙa yi, Amurka ta ba da rarar hatsin manomanta a ba ta ma'adanai. Wannan ban taɓa ji ba sai a nan.

Amma darasi na uku shi ne zuciyar kwas ɗin, shi kaɗai ya biya ni kuɗina, kallo uku na yi masa. Abinda ta koyar shi ne yawan abinda doka ta ce a tara ya dogara ne da amsar tambaya ɗaya tak: yaƙin da muke tsoro shekara nawa zai ɗauka? Da farko lissafin shekara biyar aka yi. A 1958 zamanin Shugaba Eisenhower aka mayar da shi uku. A 1973 Nixon ya mayar da shi shekara ɗaya. A 1976 Ford ya dawo da shi uku, sannan a 1979 majalisa ta gaji da wannan wasan ta rubuta shekara uku a cikin dokar kanta. Kaga abinda ke faruwa ai, kayan suna nan a sito ko kilo ɗaya bai ƙaru ba bai ragu ba, amma da zarar an rage shekarun a takarda sai abinda jiya ake cewa bai isa ba yau ya zama rara, rara kuwa ana iya sayar da ita a samu kuɗin toshe giɓin kasafi. Biro ne ke ƙirƙiro rarar. Tun da na fahimci wannan duk labarin da na karanta aka ce gwamnati kaza za ta sayar da rarar ajiyarta sai in tambayi kaina waye ya canza lissafin kuma yaushe.

Ta kawo misalai biyu da suka zauna min. A watan Janairun 1962 Kennedy ya fito gaban 'yan jarida ya ce abinda ke rumbun ya kai dala biliyan 7.7, ya wuce abinda ake buƙata da kusan biliyan 3.4, ya nemi a yi bincike, majalisar dattawa ta yi, domin akwai zargin cewa wasu kwangilolin sayen an yi su ne don raya kamfanonin haƙar ma'adanai ba don tsaro ba. Na biyu kuma a watan Nuwamban 1965, kamfanonin alminiyum suka ƙara farashi, gwamnatin Johnson ta ce toh shikenan za ta fito da dubban ɗaruruwan tan daga rumbu ta zuba a kasuwa, cikin 'yan kwanaki kamfanonin suka janye ƙarin. Wato abin da aka ajiye don yaƙi an mayar da shi bulalar dukan 'yan kasuwa. Shi yasa dokar 1979 ta faɗa ƙarara cewa rumbun na tsaron ƙasa ne kawai, ba za a yi amfani da shi don tattalin arziki ko kasafin kuɗi ba, ta kuma buɗe asusu na musamman inda kuɗin duk abinda aka sayar zai shiga don a sayi wani da shi. Fitar da kaya don amfani sai da umarnin shugaban ƙasa, sayarwa kuma sai majalisa ta ba da izini, har akwai wani kwamiti da ke duba kada sayarwar ko sayen ya rikita farashin kasuwa.

Doka mai kyau a takarda ko? Sai Tarayyar Sobiyet ta rushe, tsoron babban yaƙi ya ragu. Daga 1992 majalisar da ta rubuta waccan jimlar ita da kanta ta riƙa ba da izinin sayarwa shekara bayan shekara, kuɗin kuma ana kwashe su daga asusun ana kai su wasu hidimomin, rumbun da ya kai kimanin dala biliyan 9.6 a 1989 ya dawo bai kai biliyan ɗaya ba a 2021. Malamar ba ta zagi kowa ba, kawai ta ɗora jimlar dokar a gefe guda na allo ta ɗora jadawalin sayarwar a ɗaya gefen ta yi shiru na 'yan daƙiƙu, ni kam na ji shirun nan. Ta kuma taɓo zancen zaiba, fiye da tan 4,400 da aka tara tun da can, aka dakatar da sayar da ita a 1994 saboda guba ce ga muhalli, yanzu an tattare ta a wani sansanin soja a jihar Nevada ana ta gadinta, ba a amfani da ita ba a iya rabuwa da ita. Ajiya ma tana da nata kuɗin ciyarwa, wannan ne abinda masu ihun a tara a tara ba sa faɗa.

Toh nan daɗin ya ƙare. Daga darasi na biyar sai wani malami ya karɓa, namiji, kuma don Allah ban san inda suka samo shi ba. Karanta allo yake kalma bayan kalma, murya ɗaya ba hawa ba sauka, wani lokacin ka ji ƙarar kujerarsa ta fi muryarsa fita, rubutun ƙasan bidiyon kuma na'ura ce ta yi shi ba wanda ya duba, sunan ƙarfen galiyum kala uku ya fito a darasi ɗaya. Shi aka ba ɓangaren sauran ƙasashe, wanda shi ne ma ya fi jan hankalina tun farko, sai ya bi ta kansu a guje kamar ana korarsa. Japan minti goma sha ɗaya. Ya dai faɗi cewa sun fara ajiyar a 1983 da ƙarafa bakwai, nikel, kuromiyum, tangistin, kobalt, molibdinum, manganis da banadiyum, burinsu abinda zai ishe su kwana 60, wani kaso a hannun gwamnati wani a hannun kamfanoni, hukumar JOGMEC ce ke kula da na gwamnatin. Shikenan ya wuce. Bai tsaya ya nuna babban bambancin ba, wanda sai da na je na karanta da kaina na gane: na Amurka an yi shi don yaƙi kuma doka ta hana taɓa shi don farashi, na Japan kuwa tun asali don masana'antun farar hula aka yi shi, idan kaya sun yanke a buɗe musu. Kwana 60 na Japan da shekara ukun dokar Amurka ta 1979 ba ƙarami da babba bane na abu ɗaya, tambaya biyu daban suke amsawa. Malamar farko da ita ce da ta yi rabin awa akan wannan kaɗai.

Rikicin 2010 ma haka ya yi masa, lokacin da Japan ta kama kyaftin ɗin wani jirgin kamun kifi na China kusa da tsibiran Senkaku da ƙasashen biyu ke taƙaddama a kansu, sai jigilar ƙarafan nan 17 masu wuyar tacewa da ake yin maganaɗisu da wasunsu ta tsaya cak daga China zuwa Japan na wasu makonni, farashi ya yi tashin gwauron zabi a shekarar da ta biyo baya, aka kai ƙara hukumar cinikayya ta duniya ta yanke hukunci akan China a 2014. Wannan labarin ai shi ne ya farkar da kowa, amma allo ɗaya ya ba shi. Suwizalan kuwa da ke da tsari mai ban sha'awa, inda gwamnati ba ta sayen kayan da kanta sai dai ta wajabta wa masu shigo da kaya su riƙe ajiyar watanni a sitonsu, mai da magani da taki da abinci, ana biyan kuɗin ajiyar daga ɗan ƙarin da ake ɗorawa kayan, abinda kawai ya ga ya dace ya faɗa shi ne labarin kofi, cewa a 2019 gwamnati ta so cire shi daga jerin aka yi ta surutu ta fasa. Ya yi dariya shi kaɗai ya wuce Finlan.

Babbar matsalata da kwas ɗin ma ba muryar mutumin bace. Kwas ɗin ya tsufa kuma ba su faɗa ba. A shafin talla an rubuta wai ana sabunta shi, ƙarya ce, daga yadda suke magana an naɗi bidiyon ne kafin tsakiyar 2024, domin dokar Tarayyar Turai ta muhimman ma'adanai malamin yana kiranta daftari, alhali ta fara aiki tun 23 ga Mayun 2024. Dokar da ta lissafa abubuwa 34 masu muhimmanci, 17 daga ciki ta ware su a matsayin na dabarun tsaro da makamashi, ta sa burin cewa zuwa 2030 a haƙo kashi 10 a cikin gida, a tace kashi 40, a samu kashi 25 daga sake sarrafa tsofaffin kaya, kuma kada wata ƙasa ɗaya ta waje ta riƙe fiye da kashi 65 na kowanne. Kuma abin lura, ba ta tilasta wa kowace ƙasa tara komai ba, cewa kawai ta yi kowa ya kawo rahoton abinda yake da shi a daidaita. A jarrabawar darasin sai ga tambaya wai dokar tana matakin me, na zaɓi ta fara aiki, na'ura ta ce na faɗi. Na faɗi saboda na fi kwas ɗin sanin labari, abin haushi abin dariya.

Ya ambaci takunkumin da China ta sa wa fitar da galiyum da jamaniyum da ya fara 1 ga Agustan 2023 da na girafayit a Disambar shekarar, daga nan shiru. Babu antimoni da aka ƙara a Satumbar 2024, babu haramcin da China ta yi a Disambar 2024 na kai galiyum da jamaniyum da antimoni Amurka, babu lasisin da ta ɗora wa bakwai daga cikin ƙarafan maganaɗisu a Afrilun 2025 wanda ya sa wasu masana'antun mota tsayar da aiki, babu dala miliyan 400 da ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba a kamfanin MP Materials mai haƙo ƙarafan maganaɗisu a Amurka a Yulin 2025 har da yi masa alƙawarin farashi ba zai faɗi ƙasa da dala 110 a kilo ba. Wannan na ƙarshen ai sabon salo ne gaba ɗaya, gwamnati ta zama mai hannun jari maimakon mai sito, kuma duk wanda ya biya kuɗin kwas akan wannan fannin a yanzu dole yana son ya ji me doka ta ce game da shi.

Sai kuma abinda na fi ganin kuskure ne na ilimi ba na tsufa ba. Duk darussansa huɗu yana magana kamar ma'adani ma'adani ne, a haƙo a tara a rufe ƙofa. Alhali dutsen da aka haƙo ba ya shiga jirgin yaƙi, sai an tace shi an mayar da shi ƙarfe an haɗa shi da wani an yi maganaɗisu ko allon lantarki, kuma a wannan tsakiyar ne China ta riƙe wuya. Mahaƙar Mountain Pass da ke Kalifoniya ta yi shekaru tana haƙowa tana lodawa a jirgin ruwa zuwa China a tace. Kobalt kusan kashi 70 daga Kwango ake haƙo shi amma yawancin tacewar a China ake yi. Galiyum ma ba shi da mahaƙa tasa, a wajen tace alminiyum ake tsamo shi. Toh in ka cika sito da ɗanyen dutse kuma matatar tana hannun wanda kake tsoron faɗa da shi me ka tara kenan? Amurka kanta ta gane haka tun 1982 lokacin da Reagan ya ba da umarnin a riƙa narka ɗanyen kuromiyum da manganis na rumbun a mayar da su sinadarin da masu yin ƙarfe ke zubawa kai tsaye, wani ɓangare don a raya matatun cikin gida kada su mutu. Abin mamaki wannan bayanin yana cikin takardun karatun da malamar farko ta bayar, shafi guda cur, shi malamin ko dubawa bai yi ba. Na rubuta tambayar a akwatin tambayoyi, yau kwana ashirin da wani abu ba amsa, zaman kai tsaye da suka ce za a riƙa yi duk wata an ɗage shi sau biyu.

Takardun karatun dai in za a yi adalci suna da kyau, musamman wanda suka jera nassin dokar Amurka sashe-sashe da bayani a gefe cikin harshe mai sauƙi, da wani jadawali na yadda ragamar rumbun ta riƙa yawo daga hukuma zuwa hukuma kafin a damƙa ta ga ma'aikatar tsaro a 1988, inda hukumar DLA mai kula da kayan aikin soja ke riƙe da ita har yanzu. Ana iya sauke su a waya a karanta ba data. Bidiyon ne ba a saukewa, kuma manhajar tasu ba ta tuna inda ka tsaya, in netwok ya ɗauke a minti na arba'in sai ka dawo ka laluba da yatsa.

Satifiket kuwa kada ma wanda ya ruɗu, sai ka gama sannan za su ce sai ka ƙara biyan wani kuɗin daban kafin su turo maka, ba a rubuta hakan a ko'ina a shafin farko ba sai can ƙasa cikin ƙananan rubutu. Ban biya ba. Kuma ku kula rajistar tana sabunta kanta duk wata, ni ban ankara ba sai da na ga alat an cire na wata na biyu, na tura imel robot ya amsa min da gaisuwa mai tsawo da lambar ƙorafi.

In tauraro biyar ake bayarwa uku zan ba su, kuma ukun nan duk na malamar ne. Ɗalibin lauya ko ɗan jarida ko mai harkar ƙarafa da ke son ya fahimci yadda dokar Amurka ta faro da yadda aka riƙa wasa da ita, ya yi rajistar wata ɗaya, ya kalli huɗun farko ya maimaita na uku, ya sauke takardun duka, ya soke rajistar tun kafin ranar cirewa ta zagayo. Wanda kuma abinda ke faruwa yanzu yake nema, Turai da China da Japan, ya riƙe kuɗinsa, rahoton shekara-shekara na hukumar binciken ƙasa ta Amurka USGS kyauta ne a intanet kuma ya fi darasi na biyar zuwa takwas amfani nesa ba kusa ba. Ni dai yanzu jiran kuɗina na wata na biyu nake, sun ce kwana goma na aiki, yau na sha huɗu.